Gyangyaɗi a kotu: Sakaci ne ko rashin lafiya?

A watan Satumban 2008, Kotun Ƙolin Ostireliya ta soke hukuncin ɗaurin da aka yanke wa wasu mutane biyu da aka samu da laifin haɗa baki don shigo da miyagun ƙwayoyi cikin ƙasar, saboda alƙalin da ya saurari shari'ar ya yi ta barci a kan kujerarsa.

Bayanan likita sun nuna cewa alƙalin yana fama da wata cuta da ke sa numfashin mutum ya riƙa ɗaukewa idan yana barci da dare, abin da ke sa ya wuni a gajiye yana gyangyaɗi.

Akasarin jaridu kan ɗauki labarin alƙali ko lauyan da barci ya sace a kotu a matsayin abin dariya. To amma ga wanda ke tsaye a cikin akwatin masu laifi, 'yan mintocin da aka yi ba a saurare shi ba suna iya zama sanadin shekaru a gidan yari, ko ma rasa rai.

Likitocin da suka ƙware a kan barci na cewa sau da dama irin wannan gyangyaɗi alama ce ta cutar da ake iya ganowa, a kuma yi maganinta, tun kafin ta ɓata shari'a ko ta zubar da mutuncin mai ita.

Shari'ar birnin Sydney

A tsakiyar shekarar 2004 ne aka gurfanar da Rafael Cesan da Ruben Mas Rivadavia a gaban wata kotun lardi da ke birnin Sydney, a ƙarƙashin Mai Shari'a Ian Dodd. An kwashe kwana 17 ana zaman shari'ar, daga bisani aka same su da laifi, aka ɗaure su.

Lokacin da suka ɗaukaka ƙara, 'yan uwa da abokan arziki da suka halarci zaman sun ba da shaidar cewa alƙalin ya yi barci a ranaku da dama, wani lokaci har na tsawon minti 20. Sun ce an ji minsharinsa a daidai lokacin da Cesan ke ba da bahasi don kare kansa.

Haka kuma sun ce masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, wato talakawan gari da ake zaɓowa su saurari shaidu su faɗi ko mutum ya aikata laifi, sun riƙa kallon alƙalin suna murmushi maimakon su mai da hankali ga abin da ake faɗa.

A shekarar 2007, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar New South Wales ta yi watsi da ƙorafin, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya. A ganin masu rinjayen, ba a nuna wani kuskure takamaimai da barcin ya haifar ba.

Sai dai Kotun Ƙoli ta ga akasin haka. Ta ce aikin alƙali ne ya sa ido a kan yadda shari'a ke gudana tun daga farko har ƙarshe, kuma barcin da ya yi ya ɗauke hankalin waɗanda za su yanke hukunci daga shaidun da ke gabansu. Don haka ta ba da umarnin a sake shari'ar.

Kafin wannan lokaci, alƙalin ya riga ya bar aiki. A shekarar 2005 jaridun Sydney suka taso shi a gaba, suka juya sunansa zuwa wani laƙabi mai nufin alƙali mai gyangyaɗi, kuma a cikin wannan shekarar ya yi ritaya.

Wasu likitocin barci biyu, Ronald Grunstein da Dev Banerjee, sun yi nazarin lamarin tare da wasu 14 makamantansa daga ƙasashe daban-daban, suka wallafa sakamakon a shekarar 2007. Sun nuna cewa tun kafin jaridu su ɗauki labarin, an riga an gano cutar alƙalin, ya kuma fara karɓar magani.

Mece ce wannan cuta?

A likitance ana kiranta afniya, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka, mai nufin rashin numfashi. A Hausance ana iya cewa ɗaukewar numfashi a cikin barci.

Ba ta da alaƙa da ciwon barci da aka sani a wasu sassan Afirka, wanda cizon ƙudan tsando ke haddasawa. Ita wannan ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Idan mutum ya yi barci, naman jikinsa yakan saki, har da na harshe da na maƙogwaro. Ga yawancin mutane, hanyar iska takan kasance a buɗe duk da haka. Amma ga wasu, hanyar takan tsuke. Idan iska na kutsawa ta ƙuntatacciyar hanya, naman da ke wurin yakan riƙa kaɗawa, kuma ƙarar da ke fitowa ita ce minshari.

Idan hanyar ta toshe gaba ɗaya, sai numfashi ya tsaya, ko da yake ƙirji na ci gaba da fafutukar jawo iska. Likitoci na ƙirga tsayawar ne idan ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, kuma a wasu lokuta takan haura minti ɗaya.

A wannan hali iskar oksijin da ke cikin jini takan ragu. Da ƙwaƙwalwa ta ji haka, sai ta zaburar da mutum ya farka na 'yan daƙiƙoƙi, maƙogwaro ya buɗe, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, sannan ya koma barci.

Mafi yawanci mutum ba ya tuna cewa ya farka. Da safe zai rantse cewa ya yi barcin sa'a takwas, alhali barcin ya katse sau ɗaruruwa, bai samu ya kai ga barci mai nauyi da ke hutar da jiki da ƙwaƙwalwa ba.

Ana auna tsananin cutar ne da yawan tsayawa ko raguwar numfashi a cikin sa'a guda ta barci. Daga 5 zuwa 14 ana ɗaukarta mai sauƙi, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama kuma mai tsanani. Ke nan wanda tasa ta yi tsanani, numfashinsa na tangarɗa aƙalla sau ɗaya a kowane minti biyu, har gari ya waye.

Su wa ke fama da ita?

Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2019 a wata mujallar likitanci ta kamfanin Lancet ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 ne ke da cutar a duniya, kuma miliyan 425 daga cikinsu tasu matsakaiciya ce ko mai tsanani.

Ƙasar Sin ce ke kan gaba a yawan masu cutar, sai Amurka da Brazil da Indiya. Najeriya ma na cikin ƙasashe goma da binciken ya ce sun fi yawan masu fama da ita.

Babbar matsalar ita ce mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Wani nazari da aka yi a jihar Wisconsin ta Amurka, aka wallafa a 1997, ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na masu matsakaiciyar cutar ko mai tsanani ba a taɓa gano tasu a asibiti ba.

Ƙiba ce babban abin da ke jawo ta, musamman kitsen da ke taruwa a wuya. Likitoci kan sa ido idan kaurin wuyan namiji ya kai santimita 43. Ta fi kama maza, ko da yake haɗarin na ƙaruwa ga mata bayan sun daina al'ada. Haka kuma tana ƙaruwa da yawan shekaru.

Duk da haka, siririn mutum ma yana iya samunta, idan haɓarsa ƙarama ce ko ta koma baya, ko harshensa babba ne, ko hancinsa na yawan toshewa. Giya da magungunan sa barci da kwanciya rigingine duk suna ƙara tsananta ta.

Alamominta sun haɗa da minshari mai ƙarfi da ke katsewa ya dawo da gurnani, da yawan tashi fitsari da dare, da bushewar baki ko ciwon kai da safe, da mantuwa, da saurin fushi, da gyangyaɗi da zarar an zauna shiru.

Sau da yawa matar mutum ko mijinta ne ke fara lura da cewa numfashin na ɗaukewa, domin shi mai cutar ba ya jin kansa.

Idan aka bar ta ba magani, tana da alaƙa da hawan jini, musamman wanda ke ƙin jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari.

Idan aka dubi waɗanda cutar ta fi kamawa, wato manya da suka haura shekara 50, waɗanda aikinsu na zama ne wuri ɗaya, za a ga cewa siffar ta dace da alƙalai da manyan lauyoyi da dama a ko'ina cikin duniya.

Me ya sa sai a kotu?

Masana barci sun ce zaman da babu armashi ba shi ke haifar da barci ba. Abin da yake yi shi ne tono barcin da jiki ke bin mutum bashi. Wanda ya ƙoshi da barci zai iya gundura da dogon jawabi, ya yi ta mutsu-mutsu, amma da wuya ya ɓingire.

Wanda kuwa bai samu isasshen barci ba, muddin yana tafiya ko yana magana zai iya ɓoye gajiyarsa. Da zarar ya zauna shiru, sai ta yi halinta.

Ɗakin kotu ya tara kusan duk abubuwan da ke tono irin wannan gajiya. Ana zama na sa'o'i ba motsi, ana sauraren murya ɗaya tana karanta takardu ko lissafin kuɗi, wani lokaci ta bakin tafinta. A wasu ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila, ciki har da Najeriya, alƙalai da lauyoyin manyan kotuna na sanye da baƙar alkyabba da hular gashi, ko da kuwa ana zafi.

Akwai kuma agogon da ke cikin jikin ɗan Adam. Kuzari yakan ragu da kansa tsakanin misalin ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, kuma abinci mai nauyi yana ƙara wa lamarin ƙarfi. Wannan ne lokacin da kotuna da dama ke komawa zama bayan hutun rana.

Hausawa na cewa barci ɓarawo ne, kuma binciken kimiyya ya gaskata su. Ƙwaƙwalwar da ta gaji takan yi wani ɗan guntun barci na 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci ido a buɗe, ba tare da mai ita ya sani ba. Abin da aka faɗa a cikin waɗannan daƙiƙoƙi ba ya shiga kansa.

Shi ya sa mutum zai iya musanta cewa ya yi barci, kuma har cikin zuciyarsa ya yi imanin gaskiya yake faɗa.

Ba kowane mai gyangyaɗi ne ke da ɗaukewar numfashi ba. Mafi yawan lokuta dalilin shi ne ƙarancin barci kawai, domin likitoci na ba manya shawarar yin aƙalla sa'a bakwai a kowane dare. Wasu magungunan mura da ƙaiƙayi da na ciwon jiki, da ciwon damuwa, da aikin dare, su ma suna sa barcin rana.

Ko ma mene ne dalili, illar a kan tunani babba ce. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a mujallar Nature a 1997, ya nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 idonsa biyu, ƙwazonsa yakan ragu daidai da na wanda giyar da ke jininsa ta kai matakin da ƙasashe da dama ke hana tuƙi da shi.

Lauyan da ya yi barci a Texas

Shari'ar da ta fi nuna girman abin da ke iya salwanta ita ce ta Calvin Burdine, wanda wata kotu a birnin Houston na jihar Texas ta yanke wa hukuncin kisa a shekarar 1984 bisa laifin kisan kai.

Da yake ba shi da halin ɗaukar lauya, kotu ce ta naɗa masa wani mai suna Joe Cannon. Bayan shekara 11, a 1995, uku daga cikin masu taimaka wa alƙali da kuma akawun kotun suka ba da shaidar cewa sun ga lauyan yana barci sau da dama a lokacin da mai gabatar da ƙara ke yi wa shaidu tambayoyi.

Cannon ya musanta, yana mai cewa ɗabi'arsa ce ya rufe ido idan yana tunani mai zurfi. Amma kotun da ta saurari shaidun ta gamsu cewa barci ya yi.

Duk da haka an ci gaba da ja-in-ja har tsawon shekaru. A 1999 wani alƙalin tarayya ya ce a sake shari'ar. A shekarar 2000, alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya suka soke wannan umarni, bisa hujjar cewa ba a tabbatar ko barcin ya faɗo a kan wani muhimmin mataki na shari'ar ba.

Wannan hukunci ya jawo suka sosai a ciki da wajen Amurka. A watan Agustan 2001, cikakken zaman kotun ya sake duba batun, inda alƙalai 9 suka rinjayi 5, suka ce lauyan da ba ya cikin hayyacinsa daidai yake da babu lauya, alhali tsarin mulkin ƙasar ya bai wa duk wanda ake tuhuma 'yancin samun mai kare shi.

A 2002 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraren ƙarar da jihar Texas ta ɗaukaka. A 2003 Burdine ya amsa laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, bayan ya shafe kusan shekara 20 da hukuncin kisa a wuyansa.

Wani mutum da Cannon ya kare, Carl Johnson, wanda shi ma aka yi ƙorafin cewa lauyan ya yi barci a shari'arsa, bai samu wannan dama ba. An zartar masa da hukuncin kisa a shekarar 1995.

Kotuna sun sha bamban

Ba kullum ne barcin alƙali ke sa a soke hukunci ba, kamar yadda aka gani a kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta saurari laifuffukan yaƙi na tsohuwar Yugoslabiya a birnin Hague.

Daga 1997 zuwa 1998 kotun ta yi shari'ar mutane huɗu da aka zarga da cin zarafin fursunoni a sansanin Celebici na ƙasar Bosniya. Wanda ya jagoranci alƙalai ukun shi ne Mai Shari'a Adolphus Karibi-Whyte, alƙalin Kotun Ƙolin Najeriya, wanda ya rasu a shekarar 2020.

A wajen ɗaukaka ƙara, lauyoyin Esad Landzo, wanda aka ɗaure shekara 15, sun gabatar da hotunan bidiyo na zaman kotun, suna masu cewa shugaban alƙalan ya yi barci a sassa masu yawa na shari'ar.

A hukuncin da ya yanke a watan Fabrairun 2001, sashen ɗaukaka ƙara ya ce hotunan sun nuna alƙalin yana ɗauke wuta na ɗan lokaci, yawanci daƙiƙa 5 zuwa 10, wani lokaci har 30, kuma sau ɗaya ya yi kamar ya yi barci na kimanin minti 30.

Kotun ta ce wannan bai dace da alƙali ba. Ta ƙara da cewa idan alƙali na da wata larura da ke hana shi mai da hankali, wajibi ne ya nemi taimakon likita, idan kuma hakan bai yi ba, ya janye daga shari'ar.

Amma ta ƙi soke hukuncin, saboda ba a nuna wata cutarwa takamaimai da ta samu wanda ake tuhuma ba, kuma lauyoyin ba su ɗaga batun a gaban kotun ba a lokacin da abin ke faruwa.

A Ingila ma an bi irin wannan hanya a shari'ar mutanen da suka yi yunƙurin sace lu'ulu'u masu tsadar gaske a dandalin baje koli na Millennium Dome da ke Landan a shekarar 2000. Alƙalin da ya yi shari'ar, Michael Coombe, ya amince cewa ya yi gyangyaɗi a lokacin da lauya ke jawabin ƙarshe na kariya. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifinsu, ko da yake ta rage wa biyu daga cikinsu ɗauri daga shekara 18 zuwa 15.

A Jamus kuwa, kotuna sun daɗe da cewa rufe ido kaɗai ba hujjar barci ba ce, domin mutum na iya rufe ido don ya tattara hankalinsa. Sai an haɗa da wasu alamomi, kamar minshari, ko numfashi mai nauyi da ake ji, ko zabura a ruɗe. A shekarar 2017, babbar kotun tarayya mai kula da ƙararrakin fansho da walwalar jama'a ta soke wani hukunci, bayan ta gamsu cewa ɗaya daga cikin alƙalan da suka yanke shi ya yi barci a zaman.

Darasin da lauyoyi ke ɗauka daga waɗannan shari'o'i shi ne a yi magana nan take, a kuma sa a rubuta lokacin a kundin kotu. To sai dai wannan abu ne mai wuya, domin lauyan da zai tashi ya ce wa alƙali ya farka ya san cewa a gaban wannan alƙalin zai ci gaba da neman sassauci ga wanda yake karewa.

Gwaji da magani

Matakin farko da likitoci kan ɗauka shi ne wasu tambayoyi da wani likita mai suna Murray Johns ya tsara a asibitin Epworth na birnin Melbourne, aka wallafa a 1991.

Ana tambayar mutum yiwuwar ya yi gyangyaɗi a yanayi takwas, kamar lokacin karatu a zaune, ko kallon talabijin, ko zaman taro, ko tafiyar sa'a guda a mota a matsayin fasinja. Kowane yanayi na da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 24. Wanda ya haura 10 ana ba shi shawarar ya je a bincika shi.

Tabbatar da cutar kuwa sai da gwajin barci, inda mutum zai kwana da na'urori a jikinsa suna auna numfashi da bugun zuciya da oksijin na jini. Ana yin sa a asibiti, akwai kuma ƙananan na'urori da ake kwana da su a gida.

Maganin da ya fi shahara shi ne na'urar CPAP, wadda Farfesa Colin Sullivan na Jami'ar Sydney ya ƙirƙiro, ya kuma wallafa sakamakon gwajinta a 1981. Wani ɗan inji ne da ke hura iska a hankali ta cikin abin rufe hanci, iskar ta tokare maƙogwaro ya kasance a buɗe har safe.

Masu cutar da dama kan ga sauyi cikin 'yan kwanaki. Amma na'urar ba ta warkarwa. Sai an riƙa amfani da ita kowane dare, kuma wasu kan kasa jure kwana da abu a fuska. Tana da tsada, tana kuma buƙatar wutar lantarki ko batir tsawon dare, abin da ke zama cikas a wuraren da wuta ba ta tsayawa.

Rage ƙiba na taimakawa ƙwarai. Wani binciken na Wisconsin da aka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki na tafiya da raguwar kimanin kashi 26 cikin 100 na yawan katsewar numfashi.

Akwai kuma wani abu da likitocin haƙori ke ƙerawa, wanda ake sawa a baki ya turo haɓa gaba, da kwanciya a gefe maimakon rigingine, da tiyata ga wasu. A watan Disambar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar tirzepatide, a matsayin magani na farko ga masu ƙiba da cutarsu ta kai matsakaiciya ko mai tsanani.

Ga wanda gajiyarsa ta ƙarancin barci ce kawai, masana na ba da shawarar ƙailula ta minti 15 zuwa 20, da sassauta abincin rana, da miƙewa a ɗan taka a lokacin hutu, da zama a wuri mai haske da iska.

Shayi da kofi da goro na ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke danne jin barci na ɗan lokaci. Amma kusan rabinsa na nan a jiki bayan sa'a biyar, don haka wanda ya sha da yamma zai iya ɓata barcinsa na dare, gobe ya tashi da gajiyar da ta fi ta jiya. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke buɗe maƙogwaron da ke toshewa.

Direbobi da alƙalai

A fannin sufuri an daɗe da ɗaukar cutar da muhimmanci, domin illarta a bayyane take. Bincike ya nuna cewa direban da ke da ita ba tare da magani ba, haɗarin ya yi karo ya ninka na sauran direbobi fiye da sau biyu.

A watan Disambar 2013 wani jirgin ƙasa ya kauce daga kan dogo a unguwar Bronx ta birnin New York, mutum huɗu suka mutu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa direban ya yi barci, kuma yana da ɗaukewar numfashi mai tsanani da ba a taɓa ganowa ba.

A shekarar 2014 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar da ta ce masu matsakaiciyar cutar ko mai tsanani, waɗanda ke fama da barcin rana, sai sun nuna suna karɓar magani kuma yana aiki kafin a ba su lasisin tuƙi ko a sabunta musu.

Su ma tafintocin da ke fassara kai tsaye a manyan taruka na duniya sukan karɓi juna kusan kowane minti 30, saboda an san cewa hankali ba ya jure dogon sauraro ba hutu. Alƙali kuwa ba shi da mai karɓarsa.

Ɓarnar da gyangyaɗi ke yi a kotu ba ta fitowa fili kamar ta kan hanya. Tana iya zama wata tambaya da lauya bai ƙalubalanta ba, ko wani saɓani a maganar shaida da alƙali bai ji ba, kuma ba lallai ne a taɓa ganewa ba.

Likitocin da suka yi nazarin lamarin Mai Shari'a Dodd sun yi kira da a riƙa kallon barcin alƙalai a matsayin batun lafiya a wurin aiki, kamar yadda ake yi wa direbobi. Fargabar ita ce idan izgili da kora ne kaɗai ke jiran wanda aka kama, masu larurar za su ci gaba da ɓoye ta maimakon su je asibiti.

A Najeriya, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin a saurare shi cikin adalci. A shekarar 2023 kuma aka yi gyaran da ya mayar da shekarun ritayar alƙalan dukkan manyan kotuna zuwa 70, abin da ke nufin alƙalai da dama za su ci gaba da zama a kan kujera a shekarun da cutar ta fi yawa.

Shawarar likitoci ga alƙali da lauya da duk wani mai aikin da rayuwar jama'a ke hannunsa iri ɗaya ce: wanda iyalinsa suka ce yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa da dare, kuma yana yawan gyangyaɗi da rana, ya je ya ga likita.